Tabarau a Ɗakin Takaba

"Ina wuƙar, Zahara'u? Da ke nake magana. Ina wuƙar?"

Muryar ta shigo mata ne ta bayan dariyar Hassan, kamar mai kira daga wata unguwa. Zahara'u ba ta motsa ba. Tana durƙushe a kan tabarma, hannuwanta biyu suna tallafe da wani baƙin tabarau mai nauyi da ya rufe mata rabin fuska, a cikinsa kuwa mijinta ne yake tahowa ta tsakanin albasa da tumatir, ƙafafunsa duk laka. Saura kaɗan ya iso. Saura kaɗan ya buɗe baki.

Aka fizge abin daga kanta, igiyarsa ta tafi da kallabinta. Lambun ya ɓace, tafki ya ɓace, sai ɗaki mai zafi da warin jiƙaƙƙen bango, sai kuma Ɗelu, yayar Hassan, tsaye a kanta da kwandon busasshen kifin da ta fasa kaiwa kasuwa.

"Ga ta nan, Yaya," in ji Zahara'u, tana laluben tabarma.

"Ga ta ina? A ƙasa?" Ɗelu ta sa ɗan yatsan ƙafa ta turo wuƙar. "Tun ranar da aka kai ƙanena na sa miki ita a hannu. Me na ce miki?"

"Kin ce kada in rabu da ita."

"Ko bayan gida?"

"Ko bayan gida."

A gidansu Hassan haka ake yi tun kakanni. Mace mai takaba ba ta ado, ba ta ɗaga murya, ba ta taka ƙofar gida, kuma ba ta rabuwa da ƴar wuƙa, don kada mamacin ya yi marmarin dawo mata. Malamai sun sha faɗa cewa maganar wuƙa ba ta cikin littafi. Matan gidan sukan saurara da ladabi, in malam ya fita su gyara wa bazawarar riƙon wuƙarta. Ɗelu ta yi takaba har sau biyu, kuma tana faɗa da alfahari cewa ko sau ɗaya babu mijin da ya leƙo ta a mafarki. Tun ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya kife da Hassan da buhunan albasarsa a hanyar Ɗan Isa, ta kwaso kayanta ta tare a ɗakin ƙofa, ta zama mai gadin hawayen matar ƙanenta.

Yanzu tana jujjuya tabaran da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Wata siririyar murya tana fita daga abin jin da ke gefensa. Ɗelu ta kasa kunne, fuskarta ta canja, ta yi jifa da shi kan gado.

"Muryarsa ce."

"Yaya, hoto ne kawai. Kaset ne."

"An ba ki wuƙa don kada ya zo. Kin ajiye ta a ƙasa, kin sa hannu biyu kin ɗauki abin da zai kawo shi." Ta sunkuya ta yaye zanen da ya sauko daga gado. Ga ƙaramar na'urar bidiyo, ga batirin mota, ga wayoyi a nannaɗe. "Ashe wannan ne tuwon da ɗan'uwanki yake kawo miki a buhu kullum in na fita. Na ce wane irin tuwo ne sai an ɗauke shi da nishi."

Tabaran ya iso Madarumfa ne da farkon bazara, a ɗaure a bayan moto, babur ɗin Ilyasu. Ilyasu ƙanen Zahara'u ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gidan bidiyo a bayan tasha, saurayin da ya bar lakwal, makarantar boko, amma bai bar karatu ba. Ko tsohuwar jaridar Faransanci aka ƙunso masa tsire a ciki, sai ya warware ta ya karanta har inda mai ya ɓata. Shekaru ya yi yana damun mutane da labarin wani abu da Turawa suka ƙirƙiro, wai "reyalite birtuwel". In an ce ya fassara sai ya lumshe ido ya ce, "Duniyar da babu ita, amma kana cikinta tsundum." Ya ce matuƙa jirgin sama da ita suke koyon tuƙi, likitoci da ita za su koyi tsaga ciki, nan gaba kaɗan mutum zai zauna a ƙauyen Gabi ya zaga kasuwar Paris bai sa takalmi ba. Daga baya kuma ya ji a rediyo cewa abin bai karɓu ba a can. Masu saye suna kukan jiri da ciwon kai, kamfanoni suna rufewa, kaya sun yi kwantai a ɗakunan ajiya. Wani da ya ji haka sai ya haƙura. Ilyasu tafa hannu ya yi ya ce, "To, yanzu ne zai iso mu." Bai kuwa yi ƙarya ba. A Jibiya ya tsince shi, a rumfar wani mai sayar da tsofaffin rediyo, wanda ya ɗauka tabaran masu walda ne.

Nasa ba irin na jarida ba ne, wanda in ka juya kai duniyar take juyawa tare da kai. Ƙananan tele biyu ne a gaban ido da abin ji a kunne, shi ke nan. Amma in ka sa shi, komai na waje ya mutu. Abin da ke ciki ya tsaya a gabanka da girmansa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ranar da ya fara kawo mata shi, Zahara'u ta yi kwanaki ba ta iya tuna fuskar Hassan. Wannan ne abin da ba ta iya faɗa wa kowa ba. Tana tuna hannuwansa, tana tuna tabon lauje a ƙaurinsa, tana tuna yadda yake hura koko, amma in ta nemi fuskar sai ta watse mata kamar hoton cikin ruwa. Bai taɓa ɗaukar hoto ba in ba na katin shaida ba, shi ma ya tafi da shi a hatsarin. Ilyasu ya same ta tana kallon bango, ya ce, "Yaya Zahara, rufe idonki. In na ce buɗe, ki buɗe."

Kaset ɗin na ranar sunan Rashida ne, ɗiyarsu ta fari, wadda yanzu take cikin shekara ta uku. Ilyasu ya aro kamara daga Maraɗi ya ɗauki ragon suna da mata da maroƙa. Uban jaririya kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ya gudu ya ɓuya a lambunsa na bakin tafki, Ilyasu ya bi shi can don tsokana. Sauran kaset ɗin duk hayaniya ce. Wannan ɗan guntun ne kawai take kallo. Hassan yana ban ruwa, ya ɗago ya ga kamara, ya rufe fuska da hula yana dariya, ya ce, "Kai, ɗan banza, tafi ka ba ni wuri!" Sai ya sauke hular, ya tako har gaban kamara, ya waiga dama da hagu kada wani ya ji, ya rage murya.

"Ta ci abinci?"

A lokacin tana gidansu wankan jego, ya yi kwanaki bai sa ta a ido ba. Bai taɓa gaya mata ya yi wannan tambayar ba. Ita ma kunya ba ta bar ta ta kalli kaset ɗin ba yana raye. Sai da ya mutu ya tsaya a gabanta, kusa har tana ganin zufar da ke gefen hancinsa, ya tambaye ta. Ranar ta ci abinci, karo na farko da ta cinye kwano tun rasuwar.

"Zan aika a kira Ilyasu," in ji Ɗelu. Ta zare kaset ɗin daga na'urar da ƙarfi, sai dai ba ta san inda za ta sa shi ba, ta ajiye shi kan tukunyar ruwa ta goge hannunta da zane. "Ya zo ya kwashi ƙarafunansa. Wannan kuwa, wuta zan sa masa kafin la'asar."

"Yaya, don Allah. Shi kaɗai ne ya rage."

"Ya rage? Ƙanena yana kabari, Allah ya ji ƙansa. Abin da ya rage addu'a ce. Ke kin hana shi kwanciya, kullum sai kin tashe shi ya yi miki ban ruwa."

"Ban fita ba. Ban yi kwalli ba. Ban yi wa kowa dariya ba."

"Na same ki kina murmushi."

"Ga mijina."

"Ba ki da miji!" Ɗelu ta buga kwandon kifin a ƙasa har ƙuda suka tashi. Rashida, wadda ke wasa da gwangwani a tsakar gida, ta tsaya cak tana kallon ƙofa. Ɗelu ta rage murya, amma ba ta rage dafi ba. "Kin san abin da ya dawo da ni daga hanya? Ba mantuwa na yi ba. Na iso tasha, ƴan kabu-kabu suna zaune a kan motocinsu. Ɗaya ya dube ni, ya waiga dama da hagu, ya ce wa ɗan'uwansa, 'Ta ci abinci?' Suka fashe da dariya. Na ɗauka rashin kunyar yara ce. Na wuce. Mai shayi ya faɗa. Mai facin taya ya faɗa, har yana rufe fuska da hula. Sai da Rabi mai ƙosai ta ja ni gefe ta ce, 'Ɗelu, ke kaɗai ce ba ki sani ba a garin nan. Layi ake bi a gidan bidiyo ana ganin Hassan.'"

Zahara'u ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a ƙeya.

"Ƙarya ne," ta ce.

"Ni ce maƙaryaciyar?"

"Ilyasu ba zai yi haka ba. Yana ɗauka ne da rana don ya cika batir."

"Batir." Ɗelu ta yi wata gajeriyar dariya. "To ki jira mai batir."

Ta fita, ta janyo murhu zuwa tsakiyar gida, inda Zahara'u za ta gani daga ƙofa, ta fara jera itace a hankali, ɗaya bisa ɗaya, kamar mai shirin dafa abincin baƙi.

Zahara'u ta zauna da wuƙar a cinya. Rana ta hau tsaka, inuwar bango ta tsuke. Kaset ɗin yana nan kan tukunya, taku biyu daga inda take, amma ta kasa miƙa hannu. Tana ta maimaita kalmomin a ranta, tana ƙoƙarin jin su da muryar Hassan, sai muryar mai facin taya take fitowa. Ta san mutumin, mai haƙori ɗaya a gaba, wanda Hassan ya taɓa kora daga lambu saboda satar barkono. Shi ma ya sa tabaran? Shi ma Hassan ya tako ya tsaya a gabansa, ya rage murya ya tambaye shi?

Sai ta tuna wani abu da take gani ta ƙi yarda. Kwanakin farko hoton garau yake. Daga baya wani farin layi ya fara gilmawa ta goshin Hassan. Sannan layin ya zama biyu. Jiya, a daidai inda yake sauke hula, fuskar ta karkace ta yi rawa kafin ta dawo. Ta tambayi Ilyasu, ya ce haka kaset yake, kowane kallo yana cin sa kaɗan. Tun daga ranar take jin tsoron kanta, take ƙoƙarin kallo sau ɗaya ta haƙura, tana ganin ita ce take goge shi da son ranta. Ashe ba ita kaɗai ce take ci ba. Rabin tasha ne.

Ƙarar moto ta tsaya a ƙofar gida bayan azahar. Ilyasu ya yi sallama ya shigo da buhunsa a kafaɗa, da fara'arsa ta kullum. Ya ga murhu yana ci, ya ga Ɗelu zaune a kan turmi, fara'ar ta ragu amma ba ta tafi ba.

"Yaya Ɗelu, barka da gida. Yau ba kasuwa?"

"Kasuwa tana wajenka, ɗan albarka. An ce kai ne ka buɗe sabuwa. Nawa nawa kake sayar da ƙanena?"

Ya sauke buhun. Bai dubi Ɗelu ba, ƙofar ɗakin yayarsa ya duba. Zahara'u ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, iyakar inda take zuwa in akwai mutane.

"Gaskiya ne?" ta ce.

"Yaya Zahara, bari in yi miki bayani."

"Ban ce ka yi bayani ba."

"To, gaskiya ne. Amma ba yadda aka kawo miki ba." Ya share zufa da hannun riga. "Na sa musu fim na Indiya, sun ce jiri. Na sa na faɗa, wani ya yi amai a kan benci. Kaset na gaske da aka yi don wannan na'ura ba ya zuwa nan, kamfanin ma ya mutu. Wata rana Sule abokin Hassan ya roƙe ni ya gan shi. Ya sa, ya yi kuka kamar yaro. Ya fita ya faɗa. Washegari mutane suka zo. Zan kore su? Mutanen garinsa ne."

"Kyauta suke gani?" in ji Ɗelu.

"Batir ba kyauta ake cika shi ba."

"Kin ji mai batir."

"Yaya Ɗelu, ba za ki gane ba." Muryarsa ta fara hawa, idonsa ya kama wannan ƙyallin da yake yi in ya hau maganar jaridu. "Turawa sun ƙera abu, ba su san amfaninsa ba. Wasan harbi suke yi da shi, shi ya sa ya faɗi. Ni a Madarumfa na gano abin da aka yi shi dominsa. Ba wanda yake son duniyar da bai sani ba. Kowa wanda ya rasa yake so ya gani. Jiya wani tsoho ya zo daga garin Sarkin Yamma yana roƙo in ɗauke shi tun yana da rai, don jikokinsa. Nan da shekara goma babu gidan da..."

"Suna dariya, Ilyasu," in ji Zahara'u.

Ya tsaya.

"Wasu suna kuka," ya ce.

"Mai facin taya kuka yake yi?"

"Ba ni da iko da bakin mutane."

"Amma kana da iko da ƙofarka." Ta nuna shi da yatsa. "Ka zo ka ce in rufe ido. Na rufe. Kullum kana zuwa ka karɓe shi daga hannuna da ɗumin fuskata a jikinsa, ka kai ka ɗora a fuskar ƙattin tasha, da safe ka maido mini. Na sha jin warin taba a jikin abin nan. Na ce na kwalinsa ne."

"Wa ya sa kika fara cin abinci?" Yanzu shi ma ya fusata. "Ita? Da wuƙarta? Na same ki kin bushe kamar kara, kowa yana cewa haƙuri, haƙuri. Ni kaɗai na kawo miki wani abu. Yau ni ne mugu."

"Kai ne ka kawo, kai ne ka kwashe."

Ɗelu ta miƙe daga kan turmi. Ta ratsa ta gefen Zahara'u ta shiga ɗaki, ta fito da kaset ɗin a naɗe da gefen zanenta don kada ya taɓa fatarta. Ilyasu ya yi tsalle ya tare tsakaninta da murhu.

"Wallahi ba za ki ƙona shi ba."

"Matsa, ko in haɗa da kai."

"Ba ki ma gan shi ba! Sa ki gani, sannan ki ƙona in kin iya."

Ɗelu ta tsaya. Zahara'u, wadda ta yi wata da watanni tana karantar wannan fuskar don ta san lokacin shiru da lokacin magana, ta ga wani abu ya gilma a cikinta. Ɗelu ce ta goya Hassan bayan rasuwar uwarsu. Ita ta kai shi kaciya, ita ta nema masa aure.

"Yana da ƙiba a ciki?" ta tambaya, ba tare da ta dubi kowa ba. "Ko lokacin da ya rame ne?"

"Da ƙibarsa," in ji Ilyasu da sauri. "Yana dariya. Bari in haɗa miki, yanzu yanzu."

"Allah ya tsare ni." Fuskar ta rufe kamar ƙofar rumbu. "Na wanke shi a raina na sallame shi. Ba zan leƙa ramin da kuka haƙa ba. Matsa!"

Ya riƙe gefe ɗaya na kaset ɗin, ta riƙe ɗaya. Babba da yaro, suruki da suruka, suna ja a tsakar gidan mamaci, hayaƙi yana shiga idonsu. Robar ta yi ƙara. Rashida ta saki gwangwaninta ta fashe da kuka, ta ruga ta cusa kai cikin zanen uwarta.

"Kayana ne!" Ilyasu yana haki. "Ni na ɗauka, da hannuna!"

"Ƙanena ne, da jinina!"

Zahara'u ta dubi kan yarinyar da ke manne da gwiwarta. Tun safe ana ta faɗan na wa ne, ita ma tana cikin masu faɗan, kuma babu wanda ya waiwayi wannan. Yarinyar ba ta taɓa sa tabaran ba, kanta ya yi ƙanƙanta. Ta riga ta daina tambayar ina Baba. Nan da damina biyu ba za ta san ko dogo ne ko gajere ba.

"Ilyasu," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya ji. "Wa ya sayi kaset ɗin?"

"Me?"

"Sabo, a ledarsa. Wa ya sayo shi daga Maraɗi ana gobe suna?"

Hannunsa ya ɗan saki.

"Shi ne," ya ce. "Amma ai..."

"Ya ba ka kyauta?"

"Ya ce in ajiye, tunda ba ku da tele."

"To ajiya ce." Ta juya ga Ɗelu. "Yaya, an raba gado?"

"Wane irin zance ne wannan? Kin san sai kin fita takaba Malam Ɗan Azumi zai zauna."

"Lambu yana nan ba a taɓa ba. Injin ban ruwa yana nan. Ko buhun gero kin hana a buɗe, kin ce akwai haƙƙin marainiya a ciki. Da bakinki kika faɗa." Ta ɗora hannu a kan yarinyar. "Wannan ma kayansa ne. Ga wuta nan, Yaya. Sa dukiyar marainiya a ciki, ina kallo."

Ɗelu ta dubi abin da ke hannunta. Mace ce da ba ta tsoron jandarma, ba ta tsoron ƴan duwan masu kama kayan fasa-ƙwauri, amma ta zare yatsunta daga kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar ya yi zafi.

"Makira," ta ce a hankali. "Ashe haka kike. Kin yi lamo kina kuka, ashe kina da baki."

"Kai kuma," Zahara'u ta ce wa ƙanenta, "abin da ka ci a kansa, tsakaninka da Allah da ita. Ba zan tambaye ka ba. Ajiye shi nan."

Ilyasu ya ajiye shi a kan turmi. Kunya da haushi suna kokawa a fuskarsa, haushin ya yi nasara.

"Madalla. Kin yi wayo, kin kore mu duka, ya zama naki ke kaɗai. To ki sani, ke ma ci kike yi. Kowane kallo. Kin ga layin da ke goshinsa, ba ƴan tasha kaɗai suka zana shi ba. In dukiyar marainiya ce, ke ce kika fara sa hannu."

Ya faɗa ne don ya ji mata ciwo, ya kuwa ji mata. Ɗelu ta juyo tana jira, da ɗan murmushin wanda ya ga abokin faɗa ya taka tarkonsa.

Zahara'u ta dubi kaset ɗin. Baƙar roba ce, ƙarama, da tsaga a gefe inda suka ja. A ciki yana can yana ban ruwa, bai san komai ba. Da safe an fizge shi daga idonta kafin ya iso, yau bai yi tambayar ba. Duk jikinta yana roƙon sau ɗaya, na bankwana, ko da a tsaye, ko da suna kallo. Ta san in ta ce sau ɗaya, Ilyasu zai haɗa mata wayoyin da rawar jiki. Ta san kuma gobe ma za ta ce sau ɗaya.

Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa.

"Gaskiya ka faɗa," ta ce. "Na ci, kuma na daina. Kwashi tabaranka da batirinka, kada su ƙara shigowa gidan nan. Yaya, ki sa mayafi ki bi shi, ku kai wa Malam Ɗan Azumi kaset ɗin yanzu, ku biyu, kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa. Ku ce masa a sa shi cikin kason yarinya, ko da za a cire daga nawa. Babu wanda zai ƙara ganinsa, har ni, sai ranar da ta girma ta ce a nuna mata ubanta."